Daga Aji Ɗaya Zuwa Bautar Ƙasa: Yadda Ɗalibin Jami'a Zai Ci Moriyar Abin da Ya Riga Ya Biya

Ɗauki takardar biyan kuɗin rajistarka ka karanta ta layi-layi. Za ka ga na laburare, na intanet, na asibiti, na wasanni, na jarrabawa, wani wurin har da na koyon sana'a. Duk shekara sai an karɓa. Amma ɗalibai da yawa a jami'o'inmu, daga Bayero zuwa ABU Zariya, daga Danfodiyo ta Sakkwato zuwa ta Maiduguri, hanya uku kawai ƙafarsu ta sani: aji, hostal, da shagon mai fotokwafi. Sai a aji huɗu mutum ya ji labarin tallafin karatun da 'yan aji biyu kaɗai ake ba wa, ko ya tashi neman malamin da zai rubuta masa wasiƙar shaida alhali babu malami ko ɗaya da ya san sunansa.

Kusan kowace dama a jami'a tana da ajin da ake buɗe ta da ajin da ake rufe ta, kuma mafi yawansu da sakamakon shekarar farko ake shiga. Shi ya sa za mu bi su bisa lokacinsu.

Makonnin farko: takardu kafin komai

Fara da JAMB. Ka tabbatar ka amshi gurbin karatunka a manhajar CAPS ta JAMB, ka buga wasiƙar shiga jami'a ta JAMB ɗin kanta, ba ta makaranta kaɗai ba, ka duba cewa jami'a da kos ɗin da ke rubuce a jiki su ne waɗanda kake yi. Wanda aka sauya wa sashe bayan ya shiga, sai ya bi ta ofishin harkokin karatu a gyara masa a JAMB tun a shekarar. Wannan ƙaramin saɓanin ne ke hana mutane tafiya bautar ƙasa bayan shekara huɗu ko biyar.

Sai ka jera takardunka a kan tabarma ka gwada sunanka da ranar haihuwarka: WAEC ko NECO, JAMB, NIN, BVN, da katin makaranta. Muhammad a nan, Mohammed a can. Abubakar a gaba a wannan, a baya a waccan. Mutum zai gane kai ne, kwamfuta ba za ta gane ba, kuma yanzu kwamfuta ce ke tantance masu neman tallafi da bashin karatu. Gyaran NIN a hukumar NIMC yana ɗaukar lokaci, don haka a aji ɗaya ake yin sa, ba ranar da aka buɗe shafin neman kuɗi ba.

Ka ɗauki hoton kowace takarda a fili, ka mayar da ita PDF maras nauyi, ka aje a Google Drive da kuma imel ɗinka. Ka haɗa da takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, da hoton fasfo mai farin bango. Imel ɗin kansa ya kasance da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiran ka da shi ba. Lambar waya guda ka riƙe har ka gama.

Mutum na farko da ya kamata ka sani a sashenku shi ne kodinetan ajinku. Shi ke sa hannu a fom ɗin rajistar kwasa-kwasai, shi ke riƙe da sakamakonku, shi zai faɗa maka kos ɗin da ya zama dole da wanda zaɓi ne, da wanda ba a ɗaukar na gaba sai an ci shi. Ka nemi littafin ƙa'idojin ɗalibai na sashe ka karanta da kanka, kar ka dogara da "na ji an ce". Idan ka gama rajista, ka buga fom ɗin, a sa hannu, ka aje kwafi naka. Wanda ya zauna jarrabawar kos ɗin da bai yi wa rajista ba, wahalar banza ya yi. Wanda kuma ya yi rajistar kos ya daina zuwa ba tare da ya cire shi a lokacin da aka ware ba, F ce za ta fito masa.

Lissafin CGPA, tunda shi ne makullin

Yawancin jami'o'in Najeriya ma'aunin maki biyar suke bi. Daga 70 zuwa 100 A ce, maki 5. Daga 60 zuwa 69 B, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C, maki 3. Daga 45 zuwa 49 D, maki 2. Daga 40 zuwa 44 E, maki 1, a inda ake da ita. Ƙasa da haka F, sifili. Kowane kos kuma yana da nauyinsa, yunit ɗaya, biyu, uku ko fiye, kuma a zango guda akan ɗauki tsakanin yunit 15 zuwa 24.

Ana ninka makin da ka samu da yunit ɗin kos, a tara, a raba da jimillar yunit. Abin da ya fito a zango guda shi ne GPA, na duk zangunan da ka yi a haɗe kuma shi ne CGPA. A ce kwasa-kwasai shida ka yi: A a mai yunit 3, shi ne 15, B a mai yunit 3, 12, C a mai yunit 2, 6, A a mai yunit 2, 10, B a mai yunit 2, 8, sai F a mai yunit 3, sifili. Jimilla 51 a kan yunit 15, wato 3.40. Da a ce wannan F ɗin C ce kawai, da jimillar ta zama 60, GPA ta tashi 4.00. Kos ɗaya ya sauko da kai daga matakin da ake karɓar takardarka a tallafin gwamnatin tarayya zuwa matakin da ko kallon ta ba za a yi ba. Kuma a yawancin wurare, idan ka maimaita kos ɗin ka ci, F ɗin farko ba ta gogewa. Yunit ɗin sau biyu za a ƙirga maka.

Matakan digiri kuwa: 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama; 1.50 zuwa 2.39 ta uku.

Ga abin da masu cewa "sai aji uku zan dage" ba sa lissafawa. A ce digirinka yunit 160 ne, ka gama aji biyu da yunit 80 da CGPA 2.80. Maki 224 ke nan a hannunka. Don ka fita da 3.50 kana buƙatar 560, wato sai ka samo 336 a yunit 80 da suka rage, ma'ana 4.20 a kowane zango har ka gama, a daidai lokacin da karatun ya fi tsauri. Ko da A ka ci a duk abin da ya saura, 3.90 ce iyakarka; daraja ta ɗaya ta riga ta wuce. A aji ɗaya kuwa yawancin darussan maimaicin na sakandare ne da ɗan ƙari. Nan ne maki ya fi araha.

Abubuwa uku ne ke zubar da maki ba tare da mutum daƙiƙi ne ba. Na farko raina C.A., wato makin da ake tarawa kafin jarrabawa. Gwaji da aikin gida suna ɗauke da maki 30 zuwa 40 cikin ɗari. Wanda ya shiga jarrabawa da 28 cikin 40 yana buƙatar 42 cikin 60 ya ci A, wanda ya shiga da 10 kuwa sai ya cinye jarrabawar kaf. Na biyu raina kwasa-kwasan gama-gari na GST, ana cewa ai ba na sashe ba ne, alhali yunit ɗinsu daidai yake da na kowane kos a lissafi. Na uku rashin zuwa aji: ƙa'idar halartar kashi 75 cikin ɗari tana nan a rubuce, wasu malamai ba sa tayar da ita, wasu kuma ranar jarrabawa za su fito da takardar sunaye.

Idan sakamako ya fito ka ga babu makinka a kos ɗin da ka zauna, kar ka jira. Ka rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashe ta hannun kodineta, ka haɗa kwafin fom ɗin rajista da katin jarrabawa, ka faɗi rana da ɗakin da ka zauna, domin takardar da ka sa wa hannu a ɗakin jarrabawa ita ce hujjarka. Ka yi kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa. Ƙorafin baki a bakin ofis ba ya zuwa ko'ina.

Laburare ba wurin kwana da handawut ba ne kawai

Katin laburare a makon farko ake yin sa. Manyan ɗakunan karatu irin na Kashim Ibrahim a ABU, na Abdullahi Fodiyo a Sakkwato, da na Ramat a Maiduguri, da sauran takwarorinsu, galibi da haruffa suke jera littattafai: Q kimiyya, QA lissafi da kwamfuta, T injiniyanci, R likitanci, S noma, K shari'a, L ilimi, H tattalin arziki da zamantakewa, P harsuna da adabi, BP addinin Musulunci. Idan ka san harafin fanninka, ka san kantar da za ka nufa. Akwai kuma sashen ajiya na musamman inda ake sa littattafan da malamai suka ce a karanta, ana ba da su na 'yan awanni a kan katinka. Akwai sashen mujallu. Akwai inda ake tara projek da kundayen digiri na biyu da na uku.

Abin da aka fi yin asararsa shi ne sashen intanet. Jami'o'i da dama suna da rajista da rumbunan mujallu kamar JSTOR, EBSCOhost da Research4Life, wanda ya ƙunshi HINARI na fannin lafiya da AGORA na noma. Maƙalar da za a ce ka biya daloli ka sauke a waje, a nan kyauta ce. Ka je wurin ma'aikacin sashen ka ce, "Malam, don Allah waɗanne rumbuna muke da su a fannin kaza, kuma yaya ake shiga?" Aikinsa ke nan, kuma masu tambaya ba su da yawa. A waje kuma akwai Google Scholar da AJOL mai tara mujallun Afirka. Ɗaliban tarihi, siyasa da harsuna su san da Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da Gidan Mambayya a Kano.

Idan jami'arku na ba da imel mai ƙarewa da edu.ng, ka karɓa a cibiyar kwamfuta. Da shi ake neman ƙunshin ɗalibai na GitHub, shafin masu rubuta manhaja, da rangwamen manhajoji da dama.

Tsofaffin tambayoyin jarrabawa na shekara uku zuwa biyar suna da amfani, amma don ka gane salon tambayar malami ne. Wanda ya haddace amsa, ranar da aka juya tambayar kaɗan zai zauna yana tauna biro.

Kuɗi: tallafi daban, bashi daban

Tallafin karatu iri uku ne. Akwai na jihohi, ta hukumomin tallafin karatu na Kano, Kaduna, Katsina, Jigawa da sauransu. Wannan galibi ba ya neman CGPA mai yawa. Takardar ƙaramar hukuma, wasiƙar shiga jami'a, rasit ɗin rajista da lambar asusu yake nema, sannan a zo tantancewa ido da ido. Ƙungiyar ɗaliban jiharku ce ke fara jin labarin ranar tantancewa, don haka ka shiga zaurensu na WhatsApp ko da ba ka zuwa taronsu. Kuɗin yakan yi jinkiri, kar ka gina kasafinka a kansa.

Akwai na gwamnatin tarayya. Hukumar tallafin karatu ta tarayya tana neman ɗalibin da ya kai aji biyu ko sama, mai CGPA 4.00 cikin 5.00, a jami'ar gwamnati. Asusun PTDF kuma yana da nasa ga masu karatun da ya shafi man fetur da iskar gas.

Sai na kamfanoni. NLNG, Chevron, TotalEnergies, Seplat da ire-irensu galibi 'yan aji ɗaya da biyu suke nema. Gidauniyar MTN tana ba 'yan aji uku na kimiyya da fasaha masu CGPA 3.50 ko sama, tana kuma da wani tsari na daban ga ɗalibai makafi. Waɗannan kusan duka sai an zauna gwaji a kwamfuta: lissafi mai sauƙi, Turanci, da tambayoyin kaifin basira. Tambayoyin ba su da wuya, lokaci ne ke ƙaranci. A nan ɗalibanmu masu ƙoƙari suke faɗuwa, saboda ba su saba amsa tambaya a ƙasa da minti ɗaya ba. Maganin shi ne ka samo tsofaffin tambayoyi, ka sa agogo a gabanka, ka yi ta gwadawa makonni kafin ranar; tambayar da ta cije ka tsallake ta ka dawo.

Sharuɗɗan nan suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka a shafin hukumar ko kamfanin kansa za ka karanta su. Kuma duk tallafin da aka ce sai ka tura kuɗin fom ko kuɗin "tabbatar da suna" zuwa asusun wani mutum, damfara ce.

Bashin karatu na NELFUND wani abu ne daban. An sake sa hannu a dokarsa a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayun shekarar, kuma na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Kashi biyu ne: kuɗin rajista, wanda ake tura wa makaranta kai tsaye, da kuɗin kashewa Naira 20,000 a wata, wanda ke shiga asusun ɗalibi. Ana buƙatar lambar JAMB, NIN, BVN, lambar ɗalibta da wasiƙar shiga jami'a. Ba shi da ruwa. Ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na albashi ko abin da mutum ke samu.

Wuri biyu ake tuntuɓe. Shafin ba zai gane ka ba sai makarantarku ta ɗora bayananka. Idan ya ce bai san lambarka ba, ofishin harkokin ɗalibai ko cibiyar kwamfuta za ka je, ba shagon intanet ba. Sannan idan ka riga ka biya rajista da kuɗinka kafin na NELFUND ya iso, sai ka nemi makaranta ta mayar maka, kuma wannan yana buƙatar rasit ɗinka na asali da haƙuri. Shawararmu: wanda rashin kuɗin rajista zai sa ya ajiye karatu ya karɓa ba tare da jin kunya ba, amma ya sanar da mahaifansa ko wanda ke ɗaukar nauyinsa, ya kuma riƙe a ransa cewa bashi ne. Wanda gida ke iya biya masa, bai kamata ya ci bashi don sayen waya ba.

Malamin da ya san sunanka

Neman digiri na biyu, tallafin fita waje, har wasu ayyukan, duk sai da wasiƙar shaida daga malamai biyu ko uku. Wasiƙar da malami zai rubuta wa wanda bai sani ba layi huɗu ce marar gishiri, masu karantawa kuma suna gane ta. Don haka tun aji biyu ka zaɓi malamai biyu da fanninsu ya kwanta maka. Ka zauna gaba a ajinsu, ka yi aikinsu da kyau, ka je ofis da tambayar karatu ta gaske. Ka yi sallama, ka gaishe shi, ka faɗi sunanka da ajinka, sannan ka shiga magana: "Dakta, na karanta babin da kika ce, amma wurin kaza ne ban gane ba." Idan ana gudanar da bincike, ka nemi a sa ka ko da raba takardun tambayoyi ne ko wanke kwalabe a lab. A irin wannan ne ake koyon yadda ake bincike tun kafin projek, wani lokacin har sunan ɗalibi ya shiga maƙala.

Lokacin neman wasiƙa, ka ba da mako biyu zuwa uku, ka kai takardar tarihin karatunka da bayanin abin da kake nema da ranar rufewa. Ɗalibai mata su riƙa zuwa ofis a lokutan aiki, in so samu ne da ƙawa. Duk wanda wani ya nemi wani abu a wurinsa a madadin maki, akwai shugaban sashe, shugaban harkokin ɗalibai, sashen ba da shawara da ofishin SERVICOM mai karɓar ƙorafi. A aje saƙonni a matsayin hujja, a kai ƙara a rubuce.

Ƙungiyoyi

Biyu sun isa: ta fanninka, kamar NACOS ga 'yan kwamfuta, NUESA ga injiniyoyi, PANS ga masu harhaɗa magunguna, LAWSAN ga 'yan shari'a, da wata guda inda ake yin aiki na zahiri. Enactus na koya tsara kasuwanci da gabatar da shi gaban alƙalai. Ɗalibin shari'a ya shiga asibitin shari'a na tsangayarsu, inda ɗalibai ke taimaka wa jama'a da shawarar shari'a, da gasar kotun gwaji. Mai son jarida ya nemi gidan rediyon jami'a ko ƙungiyar 'yan jaridar harabar makaranta. Ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi da Kirista, MSSN da FCS, sukan shirya darussan bita kyauta ga 'yan aji ɗaya. Ka halarta, in ka kai aji biyu kuma ka koyar, domin mai koyarwa ya fi kowa gane darasin. Katin zama mamba ba ya ƙara komai. Abin da ke shiga takardar neman aiki shi ne ka ce ka riƙe kuɗin ƙungiya shekara guda ka ba da lissafi, ko ka shirya taron mutum ɗari biyu. Siyasar ƙungiyar ɗalibai tana koyar da abubuwa, amma tana cin lokaci. Wanda CGPA ɗinsa ke rawa ya bari tukuna.

SIWES: wata shidan da ake yawan zubarwa

Hukumar horas da ma'aikatan masana'antu ta ITF mai hedikwata a Jos ce ta ƙirƙiro shirin SIWES a 1973 don ɗaliban injiniyanci, kimiyya, noma, fasaha da makamantansu su taɓa aiki da hannunsu kafin su gama. A jami'a galibi wata shida ne, a aji uku ga masu shekara huɗu, a aji huɗu ga masu shekara biyar. Yunit ɗinsa yana da nauyi, don haka A a nan tana ɗaga CGPA sosai.

Neman wuri ana fara shi wata uku zuwa huɗu kafin lokaci. Ka karɓi wasiƙa daga sashen SIWES, ka yi kwafi da yawa, ka kai wurare biyar zuwa goma da ƙafarka, ka rubuta ranar da ka kai da sunan ofishin da ya karɓa, ka koma bayan mako biyu. Wurare suna nan: masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa a Kano, na Kakuri a Kaduna, kamfanonin siminti na Sakkwato, Ashaka da Obajana, kamfanonin rarraba wutar lantarki, hukumomin ruwa, cibiyoyin bincike irin su IAR a Samaru, NAPRI a Shika, NARICT a Zariya, da NVRI a Vom. Ka tambayi 'yan ajin da ke gabanka inda aka bar su suka taɓa na'ura da inda aka mayar da su 'yan aike. Ƙaramin kamfanin da za a miƙa maka sifana ya fi babban ofishin da za ka wuni kana kallon bango.

Idan an karɓe ka, ka mayar da wasiƙar amincewa makaranta, ka kai fom ɗin fara aiki ofishin ITF mafi kusa a makonnin farko. Littafin aiki kullum ake cika shi: me ka yi, da wace na'ura, me ya lalace, yaya aka gyara, da zane inda ya dace. Mai kula da kai a wurin ya sa hannu duk mako. Kafin ka tafi a cika maka Fom 8, wato fom ɗin ITF na kammala aikin, a buga hatimi. Wanda ya bari sai daren ƙarshe ya cika littafin wata shida da biro ɗaya, malamai suna ganewa ranar kare rahoto; tambaya ɗaya za a yi masa kan na'urar da ya ce ya yi aiki da ita. Masu biyan kuɗi a buga musu hatimi suna zaune a gida kuwa, ban da haɗarin malami ya kai ziyara bai same su ba, sun yar da gogewar aiki guda ɗaya tilo da za su iya rubutawa ranar da suka gama. Alawus ɗin ITF kaɗan ne kuma yakan makara, don haka ka yi lissafin kuɗin mota da masauki kafin ka zaɓi gari. Ranar sallama ka nemi wasiƙar shaida, ka karɓi lambar mai kula da kai.

Ɗaliban ilimi su ɗauki koyarwar gwaji da irin wannan muhimmancin. Waɗanda fanninsu ba shi da SIWES, kamar tattalin arziki ko kimiyyar siyasa, su nema wa kansu a dogon hutu: ofishin lauya, gidan rediyo, ƙungiyoyi masu zaman kansu, ko sashen lissafin wani kamfani.

Abin hannu

Darasin koyon sana'a dole ne a kowace jami'a, kuma yawancinsu suna da cibiyar da ake ɗinki, gyaran waya, haɗa sola, kiwon kifi da kaji. Ka zaɓi abin da za ka ci gaba da shi, ba wanda ya fi sauƙin ci ba. Ko mene ne fanninka, kar ka gama ba ka iya Word da Excel da kyau ba. Daga nan sai abin da fannin ke nema: AutoCAD ga masu gini da injiniyoyi, SPSS ko R ga masu nazarin alƙaluma, QGIS ga 'yan labarin ƙasa, Python ga kusan kowa a kimiyya. Akwai darussan Cisco da na Huawei a jami'o'i da dama, akwai shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, shafin karatu ta intanet na Coursera kuma yakan sauƙaƙa kuɗi ga wanda aka amince da fom ɗinsa na neman taimako. Abu ɗaya ka ɗauka ka kai ƙarshensa, ka yi wani aiki da shi da za ka iya nunawa. Ɗaliban akanta za su iya fara jarrabawar ATS ta ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci, tun suna makaranta. Mai sana'ar da ta fara tsayawa kuma ya san Gidauniyar Tony Elumelu tana buɗe nema a farkon shekara, tana ba waɗanda ta zaɓa jarin Dala 5,000.

Asibitin makaranta kuma ka yi rajista tun kana lafiya. Kuɗin inshorar ɗalibai ta TISHIP na cikin abin da ka biya. Idan ciwo ya hana ka jarrabawa, rahoton asibitin makaranta ko wanda ya amince da shi ne kaɗai zai sa a ɗaga maka ba tare da F ba, kuma a kan kari ake kai shi. Damuwa, rashin barci, ko fara dogaro da ƙwayoyi don karatun dare, a kai su sashen ba da shawara da wuri.

Shekarar ƙarshe

Projek yakan ɗauki yunit shida a wurare da yawa. Ka zaɓi batu ƙarami wanda kuɗinka da lokacinka za su iya: unguwa ɗaya, kasuwa ɗaya, samfuri kaɗan, ba Najeriya gaba ɗaya ba. Ka kai wa sufabaiza batutuwa uku, ka tabbatar akwai bayanan da za ka samu kafin a amince. Babi-babi ake kaiwa, kuma gyaran da ya yi da jan biro ka dawo da shi tare da sabon bugu. Ka yi amfani da manhajar Zotero ko Mendeley wajen tara madogara tun daga rana ta farko. Kwafe tsohon projek ko sayen na kasuwa yana fitowa a manhajar binciken satar rubutu, kuma hukuncinsa na iya kai wa ga kora. Aikin ya zauna a wuri uku: kwamfuta, filashi, da imel.

A zangon farko na wannan shekarar ka zauna da kodineta ku bi sakamakonka tun daga aji ɗaya, kos bayan kos, a tabbatar babu keri-oba, wato kos ɗin da ka faɗi ba ka maimaita ba, da aka manta kuma yunit ɗinka sun cika. Kos mai yunit biyu da aka tsallake a aji biyu yana iya ƙara maka shekara, kuma digirin shekara huɗu galibi shida ne iyakar zamansa. Ka shiga shafin JAMB ka duba sunanka a jerin waɗanda aka tabbatar da shigarsu jami'a, domin hukumar bautar ƙasa ta NYSC ba ta kiran wanda ba ya ciki. Bayan majalisar jami'a ta amince da sakamako, ka duba jerin sunayen da aka tura wa NYSC: rubutun suna, ranar haihuwa, kos, da lambar ɗalibta. Wanda ya haura shekara 30 a lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi, ba kaki ba.

Takardar sallama ana zagayawa da ita ne laburare, hostal, ofishin kuɗi, sashe da ofishin harkokin ɗalibai, kuma ofishin kuɗi zai nemi rasit ɗin kowace shekara. Littafin laburaren da ka ara a aji biyu ba ka mayar ba, a nan zai tare ka da tara. Mai niyyar digiri na biyu ya nemi takardar cikakken sakamako tun yana gari, ya kuma karɓi wasiƙun malamansa kafin ya tafi sansanin bautar ƙasa, domin bin waɗannan daga wata jihar ta waya yana iya cin watanni.